Koyon Lafazin Ingilishi da Azancinsa

Wanda ya koyi Ingilishi bayan bakinsa ya ƙosa da Hausa yakan gamu da matsaloli uku.

Ta farko ita ce ta furuci. Hausa tana da wasula 12, watau gajeru 5, dogaye 5 da tagwaye 2, alhali Ingilishin Ingila yana da kimanin 20. Har ila yau Hausa ba ta yarda baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma ba, shi ya sa muka sami burodi da sukudireba. Ba mu kuma rarrabe "p" da "f", don haka "pull" da "full" sukan zo daidai a bakinmu.

Ta biyu, Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe ma'ana, Ingilishi kuwa da ƙarfafa gaɓa. Kalmar "record", in an ƙarfafa gaɓar farko suna ce, in ta biyu aikatau.

Ta uku, maganganun azanci. In Bature ya ce wani ya shuri bokiti, mutuwa yake nufi, amma cikin raha. Akawun da ya sa wannan a takardar ta'aziyya ya jawo wa ofishinsa abin kunya.

Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya shahara da daɗin lafazi, bai kuwa yar da Hausarsa ba. Lalle saurare shi ke gaba da furuci, abin nema kuwa shi ne mai sauraro ya fahimce ku ba da wahala ba.