Sayen Mota a Jamus da Kawo Ta Gida

Baƙon da ya sayi tsohuwar mota a Jamus don ya fita da ita, lambar fitarwa ake ba shi, mai jan layi ɗauke da ranar ƙarewar inshora. Da wannan lambar zai tuƙa motar zuwa tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam, inda ake loda motocin Afirka ta Yamma.

Wahalar tana gaba. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya girgiza dillalan Kwatano da ke shigo da motoci ta wannan hanya. Wajen kuɗin kwastan kuwa, ba a kallon rasidin mai saye kawai. Jami'ai na da nasu ƙiyasin. Mai ƙetara iyaka da mota kuma sai da katin inshorar ECOWAS.