Tsakanin Biliyan da Tiriliyan: Me Ya Sa Ya Kamata Mu Iya Ƙidayar Sifili?

A watan Fabrairun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan kasafin kuɗi na Naira tiriliyan 54.99. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun kawo labarin, jama'a suka saurara, aka yi ta muhawara a majalisu. Sai dai abin tambaya a nan shi ne, mutum nawa ne a cikinmu, har da mu da ake kira 'yan boko, zai iya ɗaukar alƙalami ya rubuta wannan adadi da sifilinsa cif-cif? A kunnen mafi yawan masu sauraro, miliyan da biliyan da tiriliyan duk ma'anarsu ɗaya ce, wato kuɗi masu yawan gaske. Alhali kuwa daƙiƙa miliyan ɗaya kwana goma sha ɗaya ne da rabi, daƙiƙa biliyan ɗaya ta kusa shekara 32, ita kuwa tiriliyan ɗaya ta haura shekara 31,000. Al'ummar da ba ta jin wannan tazara a jikinta, da wuya ta iya tuhumar masu riƙe mata baitulmali.

Masana kimiyya sun daɗe da samo maganin wannan matsala, kuma ana koyar da shi tun a ƙaramar sakandare, sai dai yawancinmu mun baro shi a ɗakin jarrabawa. Dabarar ita ce a raba kowane adadi gida biyu. Gida na farko lamba ce da ba ta gaza 1 ba, ba ta kuma kai 10 ba. Gida na biyu kuwa 10 ne da 'yar ƙaramar lamba a bisa kafaɗarsa, wadda ke nuna sau nawa aka ninka da goma. Ni dai ina ganin kalmar "hawa" ta dace da wannan 'yar lamba, kamar yadda muke cewa bene mai hawa uku. Ke nan 10³, wato 1,000, sai mu karanta shi "goma hawa uku"; miliyan goma hawa shida ne, biliyan goma hawa tara, tiriliyan kuwa goma hawa goma sha biyu.

Ga yadda ake juyawar. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Nijeriya mutum 140,431,790. Mai karatu ya ɗora ɗigo a ƙarshen adadin, ya riƙa matsar da shi hagu har sai lamba ɗaya tak ta rage a hagun ɗigon. Zai ga ya yi taki takwas. Saboda haka adadin ya zama 1.4043179 × 10⁸, ko a taƙaice 1.4 × 10⁸. In ana son komawa rubutun da aka saba, sai a mayar da ɗigon dama taki takwas, a cike duk gurbin da ya rage da sifili. Da wannan ma'auni, kasafin 2025 shi ne 5.499 × 10¹³, wato 54,990,000,000,000.

Haka abin yake ga ƙananan adadi, illa dai tafiyar ɗigon ce ke juyawa. Faɗin ƙwayar jan jini ta ɗan Adam ya kai kimanin mita 0.000008. A nan sai a matsar da ɗigon dama taki shida kafin a iso ga 8, don haka a rubuta 8 × 10⁻⁶. Alamar ɗebewa da ke jikin hawan tana nuna cewa raba wa goma ake yi, wato gangarowa ake daga benen. Duk likita da mai haɗa magani sun san muhimmancin wannan: miligiram 10⁻³ ne na giram, maikurogiram kuwa 10⁻⁶, kuma wanda ya rikita su ya ninka wa majiyyaci magani sau dubu.

Amfanin wannan rubutu ya fi fitowa fili wajen lissafi. Mu ɗauka yawanmu ya kai miliyan 230, wato 2.3 × 10⁸. In muna son sanin rabon kowane ɗan ƙasa a kasafin 2025, sai mu raba 5.5 da 2.3, mu sami kusan 2.4, sannan mu ɗebe hawa 8 daga hawa 13, saura 5. Amsa ita ce 2.4 × 10⁵, wato kimanin Naira 240,000 a shekara, ko Naira 650 da 'yan kai a rana. A cikin wannan ne za a biya bashi da albashi, a gina hanya, a kula da tsaro. Da layi biyu na lissafi, adadin da ya cika kunne ya koma wanda mai sayar da shayi zai iya aunawa, ya kuma yi hukunci a kansa.

Dabarar tana da dogon tarihi. A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Arkimidis na Sirakus ya ƙirƙiro hanyar ambaton manyan adadi domin ya ƙiyasta ƙwayoyin yashin da za su cika sararin samaniya. A ƙarni na tara Miladiyya, Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza kan lissafi da lambobin Indiya, wanda ya taimaka wajen yaɗa tsarin gurbi da sifili. Ita kanta kalmar sifili daga Larabci muka aro ta. Ɗora 'yar ƙaramar lamba a kafaɗa kuwa ya yaɗu ne daga aikin Rene Dekat na Faransa a 1637.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Hausa ta riga ta shirya wa wannan tunani. Bahaushe yakan fara ambaton ma'auni kafin adadi: dubu biyar, miliyan 140, tiriliyan 54.99. Wannan raba adadi gida biyu ne, daidai da na masana kimiyya, jeri ne kawai ya bambanta. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri suna da zangu da zambar, suka kuma aro metan da arbaminya da hamsaminya daga Larabci sa'ad da fatauci ya buƙata. Harshen da ya yi wannan ba zai kasa ɗaukar "goma hawa tara" ba.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Hausa tana zaune ne a tsakanin Ingilishi da Faransanci, su kuma ba su yi ittifaƙi a kan sunayen manyan adadi ba. Abin da muke kira biliyan a Kano, wato 10⁹, shi ne miliyar a Maraɗi da Damagaram. Kalmar biliyan a Faransanci kuwa 10¹² take nufi, wato tiriliyan ɗinmu. Ita Ingila kanta sai a 1974 gwamnatinta ta koma ga ma'anar da Amurka ke amfani da ita. Ƙari a kan haka, inda muke sa ɗigo, 'yan'uwanmu na Nijar waƙafi suke sawa, su rubuta 1,5 a maimakon 1.5. Mai fassarar da bai lura ba yana iya ninka bashin ƙasa sau dubu a cikin jimla guda. Amma 10⁹ ma'anarsa ɗaya ce a Abuja da Yamai.

Ko a ofis ma batun yana biyo mu. Duk wanda ya taɓa zuba lambobin waya masu farawa da 234 a cikin manhajar Excel ya ga sun rikiɗe sun koma irin su 2.348E+12. Wannan harafi na E hawan goma yake nufi. Manhajar ba ta riƙe fiye da lambobi 15, don haka lambar kati mai 16 takan rasa ta ƙarshenta, sifili ya maye gurbinta. Maganin shi ne a saita gurbin a matsayin rubutu tun kafin a shigar da lambar.

Kirana ga editoci da masu fassara labarai shi ne, duk lokacin da babban adadi ya zo, a rubuta shi da cikakken sifilinsa a gefe, a ƙirga hawansa, a gwada shi da na asali kafin a watsa. Malaman lissafi kuma su zauna da malaman Hausa a daidaita kalmomin da za a riƙa koyarwa da su, domin yaron da ya fahimci abu da harshen uwa ba ya saurin mantawa. Mu kuwa masu karatu, in an ambaci tiriliyan, mu raba ta da yawanmu mu ga abin da ya rage. Allah Ya sa mu dace.