Microsoft Ta Fara Ja Da Baya Ne?

Da na je hutu Tambuwal, ƙanena ya nuna mini takardar neman aiki da ya rubuta a wayarsa Tecno da WPS Office. Bai taɓa buɗe Word ba. A Kebbe ma haka, kowa Android ta Google yake riƙe da ita. Microsoft ta sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, amma Windows ta waya ba ta karɓu ba, a 2019 aka yi watsi da ita. A waya kam an kayar da ita.

Sai dai 'yan uwa, kada mu ruɗu. Shagunan buga takardu na Sakkwato Windows suke amfani da ita, furojet ɗinmu da Word ake bugawa, ofisoshi kuwa Excel za su tambaye ka. Ni dai wannan zangon ɗakin kwamfuta na nufa.