Sojojin Doki Da Ciwo Ya Kashe A Ƙasar Baƙunta

A ƙasar Niyu Zilan, can gabas da Ostareliya, garuruwa da yawa suna da wani dogon ginin dutse a tsakiyar gari. A jikinsa an rubuta sunayen samarin garin da suka tafi yaƙi Afirka ta Kudu ba su dawo ba. Ɗaya daga cikinsu yana garin Inbakagil. An buɗe shi a shekarar 1908, kuma yana nan har yau. Wanda ya karanta sunayen zai ɗauka duk harsashi ne ya kashe su. Amma mafi yawansu a kan gadon jinya suka cika.

An yi wannan yaƙi daga shekarar 1899 zuwa 1902, tsakanin Ingila da Turawan Bowa. Su Bowa jikokin Turawan Holan ne da suka daɗe da zama a Afirka ta Kudu. Mulkin ƙasa da ma'adinin zinariya ne suka haɗa su faɗa. A lokacin Niyu Zilan tana ƙarƙashin mulkin Ingila, don haka ta aika da mutum wajen 6,500 da dawaki wajen 8,000. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da makiyaya, sun tashi a kan doki tun suna yara. Irinsu ake nema, domin su Bowa a kan doki suke kai hari su ɓace cikin daji.

A cikin waɗannan mahaya, mutum 71 ne suka mutu a fagen daga ko saboda rauni. Waɗanda ciwo ya kashe kuwa 133 ne, kusan ninki biyu ke nan. A duk rundunar Ingila an rasa mutum wajen 22,000, kuma kusan biyu cikin kowane uku ciwo ne ya ɗauke su. Zazzaɓin taifod shi ne ya fi yin ɓarna.

Ta yaya taifod yake kama mutum? Ƙwayar cutar tana fita ne cikin kashin mai ciwon. Idan kashin ya shiga ruwan sha, ko ƙuda ya tashi daga kansa ya sauka kan abinci, ko mai dafuwa bai wanke hannu ba, sai ta shiga cikin mai lafiya. Bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓi ya fara, da ciwon kai da ciwon ciki. Idan ya yi tsanani har hanji yakan huje.

Abin da ya sami sojojin ke nan. A watan Fabrairu na 1900 sun yi zango a bakin kogin Moda. Kogin ya gurɓace da ƙazantar sansani da mushen dawaki, ga zafin rana, ga ƙishirwa, sai suka riƙa sha ba tare da tafasawa ba. Da suka shiga birnin Bulumfontin a watan Maris, ciwon ya fito fili. A ƙarshen watan Bowa suka ƙwace wurin injin da yake ba birnin ruwa, dole aka koma shan ruwan tsofaffin rijiyoyi. Asibitoci suka cika, marasa lafiya suka kwanta a ƙasa cikin tantuna.

Abin takaici, akwai allurar rigakafin taifod a lokacin. Wani likitan Ingila mai suna Almuros Rait ya haɗa ta 'yan shekaru kafin yaƙin. Amma ba a tilasta wa kowa ba, kuma sojoji kaɗan ne suka yarda aka yi musu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka fara a 1914, an yi wa mafi yawan sojojin Ingila allurar, kuma waɗanda taifod ya kashe suka ragu ƙwarai.

An binne mafi yawan mahayan a Afirka ta Kudu, nesa da danginsu. Iyaye da yawa ba su taɓa ganin kabarin ɗansu ba. Shi ya sa mutanen gari suka yi karo-karo suka gina wurin tunawa, suka rubuta wanda ciwo ya kashe tare da wanda ya faɗi a fagen daga.

Taifod yana nan har yanzu a ƙauyuka da birane, kuma hanyarsa ba ta sake ba. A haƙa masai nesa da rijiya. A rufe bakin rijiya, a tafasa ruwan rafi ko na kududdufi kafin a sha, a wanke hannu da sabulu bayan an zaga. Wanda zazzaɓi ya kwana uku a jikinsa bai sauka ba, a kai shi asibiti, domin yanzu akwai maganin taifod, wanda waɗancan mahaya ba su samu ba.