Wayar Hannu da Ikon Talaka: Abin da Dutsin-Ma da Kurfi Suka Gani

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kwanaki kaɗan bayan an yi wa jihar Zamfara baki ɗaya haka. Hujjar gwamnatin Aminu Bello Masari ita ce tsaro: da waya 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. Sai a Disamba sabis ya fara dawowa. An fi tuna asarar masu POS da wahalar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, amma akwai wata asarar da ba a cika lissafawa ba. A ƙarshen Yunin shekarar ne hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin fara rajistar masu zaɓe ta intanet, kuma a wancan lokacin ne Majalisar Dokoki ta Ƙasa ke ta ja-in-ja kan ko a riƙa tura sakamakon zaɓe ta na'ura. Ana muhawarar makomar ƙuri'arsu, mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba su da ko layin kira. Wannan ya nuna gaskiyar da ake yawan tsallakewa: fasahar zamani ta ba talaka ido da baki, amma ba ta zama iko sai doka ta tilasta wa mai mulki ya saurara, ta kuma hana shi toshe hanyar duk ranar da ya ga dama.

Idon kam ya buɗe, wannan babu musu. Lokacin da Alhaji Amadu Kurfi yake sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a 1979, takarda ce ke tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma wanda ya jefa ƙuri'a ba shi da hanyar sanin abin da ya same ta bayan ta bar rumfa. A 2015 aka kawo na'urar tantance kati, daga baya BVAS mai duba yatsa da fuska, da shafin IReV inda ake ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa. Manufar ita ce mutumin Kurfi ya iya gwada abin da aka ƙirga a gabansa da abin da aka sanar a Katsina ko Abuja. To amma a ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, sai ta yanke a watan Oktoba cewa Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta wajabta turawar ba, kuma IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Na'urar tana nan, alƙawarin ma an yi shi a bainar jama'a. Abin da babu a wancan lokacin shi ne sakin layi a doka da zai ɗaure hukumar. A wannan zaɓen, cikin masu rajista sama da miliyan 93, ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba suka fito. Yawan waya bai haifi yawan masu zaɓe ba.

Wani zai ce ai akwai inda surutun intanet kaɗai ya motsa gwamnati, ya kawo misalin Bagega a ƙaramar hukumar Anka, inda gubar dalma ta kashe yara. Gaskiya ne gangamin da Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka yi a kafafen sada zumunta ya taimaka har aka saki kuɗin share ƙauyen a farkon 2013. Haka dokar rage shekarun tsayawa takara ta 2018, wadda ta sauko da shekarun ɗan Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, ta sha iska a intanet kafin a sa mata hannu. Sai dai a duba yadda aka yi nasarar. A Bagega buƙata ɗaya ce, kuɗin da aka riga aka yi alƙawari, da ofishin da ya riƙe su, ga kuma likitoci a ƙasa suna ba da shaida. A batun shekaru kuwa, matasa sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, domin gyaran tsarin mulki yana buƙatar amincewar kashi biyu cikin uku nasu. Waya ta tara mutane, amma ƙofar da aka ƙwanƙwasa ta doka ce. Wanda ya rubuta “an manta da mu” a Facebook ya huce haushi kawai. Wanda ya ɗauki hoton rijiyar burtsatsen da aka sa a kasafi ba a haƙa ba, ya haɗa da takardar neman bayani ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, shi ya sa jami'i a matsayin da dole ya amsa ko ya karya doka.

Hujjar tsaro ta fi nauyi, kuma bai kamata wanda bai taɓa kwana da fargabar hari ba ya raina ta. Mai yiwuwa katse sabis ya takura wa ɓarayin daji na ɗan lokaci. Amma layin da mai kai rahoto ke amfani da shi, shi ne wanda ɗan ƙauye zai kira jami'an tsaro da shi idan ya hango babura. Abin da ya fi damuwa ma shi ne yadda aka yanke hukuncin: umarni ne ya sauko daga sama, ba a ɗibar masa wa'adin da jama'a suka sani ba, ba a kuma shimfiɗa ma'aunin da za a gane ko ya yi amfani ba. Rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ma haka ya zo, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka, bayan an riga an buɗe.

Sannan akwai tsoro, wanda ba ya buƙatar a taɓa ko turken sabis ɗaya. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami ne a Jami'ar Dutsin-Ma, kuma mai zafin sukar masu mulki a intanet. A farkon Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke shi daga gidansa a Kaduna, shekaru suka shuɗe ba a gan shi ba, ba a kuma tabbatar da wanda ya aikata ba. Duk matashin da ya san wannan labari zai yi tunani sau biyu kafin ya danna maɓallin turawa. Da masu faɗin gaskiya suka ja baya, sai filin ya zama na sojojin baka da ake saya wa data, masu yabo da zagi gwargwadon wanda ya biya, da saƙonnin murya na WhatsApp da ba a san tushensu ba. Matar da ke ƙauyen gefen madatsar Zobe, wadda wayar gidan ke aljihun maigida, ba ta ma shigo lissafin ba. Rediyo ne majalisarta har yanzu.

Inda za a fi gwada amfanin wayar nan kusa ne, ba Abuja ba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kason da ake ware wa Dutsin-Ma da Kurfi kowane wata ana wallafa shi, mai data zai iya nemowa. Ɓangaren da ke da wuyar gani shi ne na fita: wane aiki aka bayar, wa aka ba kwangila, nawa, a wace gunduma. Majalisar dokokin jiha na da ikon wajabta wa kowace sakatariya ta riƙa wallafa wannan da Hausa, a intanet da allon ofis, a kuma karanta a rediyo, tare da hukunci ga shugaban da ya ƙi.