Ɗan Ƙaramin Jirgi Mai Hana Manya Kashe Gobara

Ranar 9 ga watan Janairu na 2025, gobarar daji tana cin unguwar Palisades a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, sai wani jirgin sama mai kashe wuta ya sauka da rami a fiffikensa na hagu. Jirgin nan, samfurin CL-415, haya aka ɗauko shi daga lardin Kwibek na Kanada. Yakan shafi kan teku ya kwashi ruwa kimanin lita 6,000 cikin daƙiƙa 12, ya je ya zuba wa wuta ya komo. Abin da ya huda shi kuwa ɗan jirgi ne maras matuƙi wanda bai kai nauyin rabin kilo ba, irin dai waɗanda mai karatu ke gani suna shawagi suna ɗaukar hoto a wuraren biki. Wani mutum ne ya tashe shi don ya ga ɓarnar da wutar ta yi. Allah Ya kiyaye matuƙan biyu, amma jirgin ya yi kwanaki a ajiye ana gyara, wuta kuwa ba ta jira shi ba. Daga baya mutumin ya amsa laifinsa a gaban kotu, ya kuma yarda zai biya kuɗin gyaran, sama da dala 65,000.

To, me ya sa abu ɗan ƙanƙane haka yake da haɗari? Dalili shi ne jiragen kashe gobara ƙasa-ƙasa suke tashi, wani lokaci dab da kan itatuwa, cikin hayaƙi da iska mai ƙarfi, ga nauyin ruwa. Matuƙansu suna magana da juna ta rediyo, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake. Shi kuwa mai ɗan jirgin hoto babu wanda ya san da shi, kuma matuƙi ba zai hango abin ba sai ya riga ya iso kansa. In ya faɗa cikin inji, ko ya bugi farfelar jirgi mai saukar ungulu, sai dai a yi salati.

Saboda haka da zarar an ga irin wannan jirgi, sai shugabannin aikin su janye jiragensu gaba ɗaya. A nan ainihin asarar take. A watan Yuli na 2015, a mashigar Cajon ta jihar Kalifoniya, ƙananan jirage biyar sun sa an dakatar da aiki na kusan minti 20, a wata gobara da ta tsallako babbar hanya ta ƙone motoci wajen 20. 'Yan kwana-kwana da ke ƙasa kuma sukan rasa mai tare musu wuta daga sama.

Dokar Amurka ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda ga wanda ya kawo cikas ga aikin kashe gobara a filayen gwamnati, ban da tara mai nauyi. Sai dai kama mai laifin yana da wuya, domin yana iya tsayawa nesa a saman wani gini da na'urarsa a hannu, kamar yadda mutumin Los Angeles ya yi daga saman wurin ajiye motoci.