Katin Awon Jariri: Kada Ki Bar Shi a Ƙasan Akwati

Uwargida, ranar da kika sauka lafiya za a auna nauyin jaririnki, a rubuta a kati. Ki adana katin nan da kyau, domin shi ne zai riƙa nuna miki yadda yaro yake girma.

Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kilo 2.5 zuwa 4. A kwanakin farko nauyin yakan ɗan ragu, amma yakan dawo kafin sati 2. Wajen wata 5 nauyin haihuwa yakan ninka biyu, a shekara ɗaya kuma ya ninka uku.

Ki riƙa kawo shi awo kowane wata. Ma'aikaciyar jinya za ta ɗiga alama a katin, a hankali alamomin su zama layi. Idan layin yana hawa, madalla. Idan ya kwanta ko ya gangara, akwai matsala ko da ido bai gani ba, kuma sau da yawa ta haka ake gano tamowa tun ba ta yi nisa ba.

Girma ba nauyi kaɗai ba ne. Wajen wata 2 jariri yakan yi murmushi, a wata 4 wuyansa ya tsaya, tsakanin wata 6 da 9 ya zauna da kansa. Tafiya kuwa takan zo wajen shekara ɗaya ko bayanta kaɗan. Kowane yaro da nasa lokaci, bakwaini ma yakan ɗan jinkirta. Amma ki garzayo asibiti idan ƙara ba ta firgita shi, ko bai zauna ba a wata 9, ko bai taka ba a wata 18, ko ya daina abin da ya riga ya iya.

Ki ba shi nono zalla, ba ruwa, har wata 6. Daga nan ki haɗa da kunu mai kauri da gyaɗa ko waken soya, da ƙwai, kifi da ganye. Kada a ɗora zawo a kan haƙori a zauna gida: idan maɗiga ta lotsa, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kawo shi nan take.

Maigida, kai ma ka riƙa duba katin, ka tuna ranar awo da ta rigakafi. Allah Ya raya mana su.